Man Kifi da Hasken Taga

Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Likitar fata ta ce Mamana ta riƙa rubuta duk abin da ta ci. Na sayo littafi biyu don ta zaɓa, uwargida ta kai mata ɗaki, ta ɗauki shuɗin ta maido wannan. Ni kuma ban iya ganin farar takarda tana zaman banza ba, shi ya sa na fara.

Abin da na ci: shayi da madara, sukari cokali huɗu, rabin burodi.

In wani ya tsinci littafin nan bayan raina, Mamana ita ce 'yata ta fari. Shekararta goma sha tara, sunan mahaifiyata gare ta, don haka bakina ba ya iya kiran sunan. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ban ga fuskarta ba, alhali muna kwana gida ɗaya. Da ta ji tarina a falo sai ta ja mayafi har kan hanci ta shige ɗaki. Ni, mai hoto, da na shekara ashirin da shida ina cin abinci da fuskokin mutane.

Fom ɗin makarantar koyon aikin jinya yana kan firij. An cike komai da rubutunta mai kyau, saura gurbin hoto, kuma sun ce sai sabon ɗauka. Nan da mako takwas za a rufe karɓa. Ta ce ba za ta yi hoton ba, ba kuma za ta je ba.

Talata, bayan la'asar

Ba a bar ni na bi su asibiti ba, sai abin da uwargida ta kawo mini. Na sa ta maimaita sau biyu.

Likita ta ce ƙurajen fuska ba ƙazanta ba ce, a daina dirzar yarinya da sabulu kamar ana wankin tukunya, a kuma daina matsewa. Ta ba da man shafawa, ta ce shi ne maganin. Abinci da ƙwayar man kifi 'yan rakiya ne: wasu suna ganin amfaninsu sosai, wasu kaɗan, ita dai ba ta yi alkawari ba. A rage sukari, lemon kwalba, biskit, farin burodi da madara. A ƙara kifi, wake, ƙwai da ganye. Ƙwaya biyu kullum, tare da abinci. Sai an yi mako goma zuwa sha biyu kafin a ga gaskiyar abin. Mu kuwa takwas gare mu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin da ta yi. Wai in sukari ya yi tsalle a jini, jiki yana aika wa fata saƙo ta ƙara maiƙo. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofofin gashi, wurin ya fusata ya kumbura. Man kifin kuma kamar mai ba da haƙuri ne, yana iya rage fushin. Ikon Allah! Ashe cokalin da mutum ya juya a kofi yana iya fitowa a kumatu bayan kwanaki. Shekara nawa ina goge ƙuraje a kwamfuta, ban taɓa tambayar daga ina suke zuwa ba.

Ta kuma ce a riƙa ɗaukar hoton fuskar duk Juma'a, wuri ɗaya, haske ɗaya, ba hoda, don a ga tafiyar maganin.

Na ce, "To ai ga ni."

Uwargida ta dube ni. Ta ce, "Malam, ta ce kowa ban da kai."

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana, a shago

Ƙusar tana nan a bangon falo, ba komai a jikinta. Ba wanda ya cire ta, ba wanda ya yi maganarta.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Na saci ƙwaya ɗaya daga kwalbarta na ɗaga ta a hasken taga. Subhanallah. Ruwan zinare ne zalla, da ɗan kumfan iska guda a ciki yana hawa yana sauka in ka juya ta. Wani ƙaramin kifi ya yi iyo a ruwa mai sanyi, a tekun da ba zan taɓa gani ba, ya tara wannan man a jikinsa don amfanin kansa, ga shi yau ya zo yi wa 'yata aiki. Na daɗe a tsaye har uwargida ta ce ko aljanu ne suka taɓa ni.

Na haɗiye ta. Na kuma sanar a teburin abinci, da ƙarfi yadda za a ji daga ɗaki, cewa daga yau ni ma na bar sukari da madara. Uwargida ta yi dariya har da riƙe ciki.

Abin da na ci: shayi baƙi. Azaba ce.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Uwargida ta ɗauki hoton farko da wayarta, ta kawo mini shago a ɓoye. Wayyo sana'ata! Ta tsayar da yarinya taga tana bayanta, fuska ta yi baƙi ƙirin, rabin hoton labule ne, ga yatsanta a kusurwa. Na ce wannan ko 'yan sanda ba za su gane mai shi ba.

Ta ce, "Ai kai ka iya. Mun ga iyawarka."

Na ɗauki biro na zana mata a bayan ambulan: Mamana ta zauna a kujerar ɗinki, taga a hagunta, ƙarfe takwas daidai kafin rana ta yi ƙarfi, waya daidai tsayin hanci, taku biyu baya. Ta riƙe numfashi kafin ta danna. Ta ninke takardar ta sa a jaka.

Lahadi, bayan azahar

Gyatsar kifi tun safe. Wani ango ya zo hoto, na sunkuya in gyara masa wuyan riga, na ga ya kau da kai. Mai kemis na kusa da shagona ya ce laifina ne, ba a shan ta da cikin wofi, a tsakiyar abinci ake haɗiye ta. Na gaya wa uwargida ta gaya wa Mamana. Ta dawo ta ce, wai ta sani, a jikin kwalbar ma an rubuta.

Aƙalla an ba ni amsa.

Juma'a, ƙarfe tara da kwata na safe

Hoto na biyu. Uwargida ta bi zanena, kuma wallahi ya fito. Na tura shi kwamfutar shago, na rufe ƙofa, na zauna.

Ga fuskar 'yata, bayan kwana ashirin da biyu.

Na ƙara girmansa har kumatu ɗaya ya cika allon. Kullum haka nake yi wa fuskokin mutane, amma da linzamin kwamfuta a hannu, ina neman abin da zan kashe. Yau na zauna a kan hannayena, da gaske nake, na danne su da cinyoyina. Sai na ga abin da ban taɓa tsayawa na gani ba. Fata ba shafaffiya ba ce. Ƙananan ƙofofi ne dubbai, kowace da siririn gashinta, da layuka sirara suna ratsa juna kamar saƙar ƙyalle. Ƙurajen suna nan, manya a haɓa da gefen muƙamuƙi, wasu da farin kai, kuma daga gani suna da zafi. A gefen wani da ya bushe, sabuwar fata tana rufe wurin daga baki-baki zuwa tsakiya, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya koya mata. Tana ɗinke kanta yarinyar tana barci.

Ba kyamara ta kalla ba, uwarta ta kalla. Idon mai yarda da wanda ke gabansa ne. Da can haka take kallona.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Ban ga fuskarta ba yau. Na ga kwanonta: ta cinye waken da kifin, ta bar ganyen.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Ƙanwata ta zo, gwaggon Mamana, da leda cike da taimako: man bilicin, lemon tsami, da shawarar a shafa man goge baki a kwana da shi. Ta shige ɗakin kai tsaye, don ita ba a yi ƙofar da za ta tare ta ba. Na tsaya a falo ina gyaran rediyon da ba abin da ya same shi.

Na ji Mamana tana cewa, "Gwaggo, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma lemon tsami ƙona fata yake, tabon ya ƙara baƙi. Man bilicin kuma sirantar da ita yake. Ki bar ni da na likita tukuna."

"Ke da kifi za ki warke? Mu da muka yi zamaninmu ba mu sha wani man kifi ba."

"Ba shi kaɗai ba ne, Gwaggo. Kuma ba a rana ɗaya ba. Zauna in duba miki wannan ƙafar, tun da kika shigo nake ganin kina ɗingishi."

Gwaggo ta fito bayan rabin awa da ledarta a hannu da alkawarin za ta je a auna mata jini. Wannan yarinyar ce za ta zauna a ɗaki saboda gurbin hoto? An halicce ta don wannan aikin, ni kuma na tsaya mata a hanya da hannuna.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Hoto na uku. Ya fi na makon jiya muni. Sababbi biyar a goshi.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Uwargida ta buga wa likita waya. Likita ta ce hakan na faruwa a farkon shafa man, a ci gaba. Mamana ba ta ci abincin rana ba. Na dawo gida na tarar da ƙwayoyin biyu a kan faranti a bakin ƙofarta. Na zauna a falo inda za ta iya jina, na haɗiye nawa, na yi gyatsa mai ƙarfi da gangan, na ce, "Kai, wannan kifin bai mutu ba!" Can na ji ƙofa ta ɗan buɗe, hannu ya fito ya ja farantin.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe, a shago

Wata mata ta zo karɓar hoton fasfo, ta duba ta ce, "Malam, Allah ya yi wa hannunka albarka, ka mai da ni yarinya." Abin da aka san ni da shi ke nan a layin nan. Ba na jira a roƙe ni. Mutum ya zauna, in ɗauka, kafin ya gama ɗaura agogonsa na share masa tabo, na cike ramin kumatu, na kwantar da ƙurji. Kyauta nake ɗaukarsa, irin ruwan da ake ba baƙo.

Ranar da Mamana ta gama sakandare ma haka na ɗauki gyaran hotonta. Na ma fi ba shi lokaci, awa uku, don nata ne. Na sa firam mai ruwan zinare. Na rataye kafin su tashi daga barci don ta fito ta gani.

Ta fito ta gani. Ba ta yi kuka a gabana ba. Uwargida ce ta sauke shi, ta ce, "Wace ce wannan ka rataye mini a bango?"

Ba zan ƙara rubutu a kan wannan ba.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Hoto na huɗu. Goshin ya lafa. Na jera shi kusa da na biyu, kumburin haɓar ya sauka kamar an sace masa iska. Na ƙirga: ashirin da uku a wancan, goma sha bakwai a wannan. Ban san rabon man shafawa ba, ban san rabon kifi ba, ban san rabon sukarin da aka bari ba. Na san dai wani aiki yana gudana a ƙarƙashin fatar nan dare da rana, a hankali, ba hayaniya. Abin da nake yi da dannawa ɗaya, jiki yana yinsa a mako biyu, amma nasa na gaske ne.

Ni ma wandona ya fara yi mini yawa. Yau na sha shayi baƙi har na ji wani ƙamshi a cikinsa da ban san yana da shi ba.

Laraba, bayan la'asar

Ban ga fuskarta ba. Na ji ta tana karatu da ƙarfi a ɗaki, sunayen ƙasusuwan hannu. Wanda ba zai je makaranta ba me zai yi da ƙasusuwan hannu? Ban gaya wa kowa na ji ba.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Hoto na biyar. Ranar Litinin za su koma asibiti, likita tana son a wanko hotunan a takarda ta jera su. Uwargida ta ce in wanko huɗun da suka fito. Na biyar ɗin an yi hadari da safe, hasken ya ɗan mutu. Na gyara hasken kawai.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Hasken kawai na ce.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Uwargida ta zo shago ba ta ko yi sallama ba. Ta ajiye hotunan a kan tebur ta wanke ni tas, ban taɓa jin muryarta haka ba.

Likita ta jera su, ta ga na biyar, ta yi murna, har ta fara cewa za a rage shafa man. Sai ta ɗago ta dubi fuskar da ke gabanta, ta sake duban takardar. Ta kawo gilashin ƙara girma. Ta ce, "Wa ya wanke wannan? Fatar mutum tana da ƙofofi. Wannan kumatun ba shi da ko ɗaya." Ta ce da ta bi hoton da ta canja magani a kan abin da babu shi. Duk a gaban Mamana.

Na buɗe kwamfuta don in nuna wa uwargida cewa haske ne kawai. Na'urar tana ajiye jerin duk abin da hannu ya yi. Na gyara haske, gaskiya ne, shi ne na farko a jerin. A ƙarƙashinsa akwai taɓawa goma sha huɗu. Wallahi tallahi ban tuna na yi su ba. Na zauna ina kallon hannuna na dama kamar na wani.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Ta yi mini magana. Ina sa takalmi a bakin ƙofa, ta fito da mayafi har hanci, ta tsaya nesa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Mamana. Kin tashi lafiya?"

"Baba, tambaya ɗaya zan yi, don Allah kada ka ba ni haƙuri. 'Yan ajinmu sun yi mini dariya shekara uku, ban damu ba, don in na dawo gida kana ce mini kyakkyawa. Na ɗauka ni kake gani. In kana kallona, gyarawa kake yi a zuciyarka?"

Na buɗe baki in ce a'a. Na tuna goma sha huɗun nan. Na ce, "Ban sani ba, Mamana."

Ta gyaɗa kai ta koma ciki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, ƙarfe sha biyu na rana

Ban ci komai ba. Na sha ƙwayar da cikin wofi, gyatsar ta zo, na ce ta yi ta zuwa.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Na rufe shago da wuri. Na ɗauko hotunan daga wayar uwargida yadda suke, har da na farkon mai labule da yatsa, na wanke su manya. Kafin in danna, na sa linzamin a aljihun tebur na kulle. A bayan kowanne na rubuta abin da na gani, ba ragi ba ƙari. A na biyu: ashirin da uku, na haɓa sun fi girma, akwai ɗaya a gefen hanci da yake warkewa, kin kalli uwarki. A na uku: ashirin da takwas, idonki ya kumbura, kin yi kuka kafin a ɗauka. A na huɗu: goma sha bakwai, tabon kumatun hagu ya yi duhu, leɓenki yana son dariya kin hana shi. A na biyar: goma sha biyu, da tabo tara, goma sha huɗu daga cikinsu na goge, ga su nan na maido.

Na tura su ta ƙarƙashin ƙofarta. Ban rubuta ban haƙuri ba, tunda ta hana.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Ba a kawo mini hoton yau ba. Uwargida ta ce an ɗauka, amma an ce kada a nuna mini. Saura mako biyu.

Lahadi, bayan azahar

Mai kemis ya tambaye ni ko man kifin yana aiki. Na ce ban sani ba, an daina nuna mini. Ya ce ai shi abin jiki haka yake, ba ya son a tsaya masa a ka. Na sayi wata kwalbar na ajiye a bakin ƙofarta.

Abin da na ci: wake, ƙwai biyu, ganyen da ban san sunansa ba.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Tun Litinin nake tambayar duk wanda ya zauna a kujerata, "A gyara ko a bari?" Yawanci suna cewa a gyara, har da hararar me ya sa na tambaya. Yau wani dattijo mai gadi, da tsohon tabo daga gira zuwa kunne, ya ce, "Bar mini abina, ɗana. Da shi matata ta aure ni." Na tuna sau uku ya taɓa yin hoto a wurina, sau uku ina share masa shi, yana karɓa yana godiya. Mutum nawa ne suka fita daga shagon nan da fuskar da ba tasu ba, suka yi shiru don kunya?

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Ba hoto. Saura mako ɗaya. Fom yana kan firij.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Fom ba ya kan firij. Na tambayi uwargida, ta ce ita ba ta taɓa ba. Na duba kwandon shara har ƙasa. Ba ya ciki.

Alhamis, bayan la'asar

Gobe ƙarfe sha biyu ake rufewa. Akwai wani mai hoto a bakin kasuwa, yaron kirki ne, haskensa ba laifi. Na ce wa uwargida ta gaya mata ta je can, ba zan ji haushi ba. Ƙarya nake, zan ji, amma ta je.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana



Ƙarfe takwas saura na buɗe shago, ina share ƙofa, na ga inuwa a kan tsintsiyata. Mamana ce, ita kaɗai, da farar riga, da ambulan a hannu, da takunkumi a fuska. Ta gaishe ni, ta wuce ciki. Na kunna manyan fitilu, ta ce in kashe. Ta ja kujerar da kanta zuwa bakin taga, taga a hagunta, ta zauna. Na ɗauko kyamara na ɓoye a bayanta, don a nan na fi jin ƙarfi.

Ta ce, "Baba, ajiye ta tukuna."

Na ajiye. Ta cire takunkumin.

Kwana sittin da huɗu. Ba allo, ba gilashi, fuskar 'yata a hasken safe, taku biyu daga inda nake. Goshin ya kwanta sumul. Kumatun da tabo birjik, wasu baƙi, wasu sun fara dushewa, sabuwar fata tana sheƙi a tsakaninsu. Wata jijiya tana bugawa a gefen wuyanta. Duk wannan yana raye, yana numfashi, yana gyara kansa a gaban idona. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi ba, ni da na ɗauki fuska ta fi dubu hamsin.

Ta ce, "Ƙirga."

"Mamana..."

"Ƙirga da ƙarfi, Baba. Masu rai kawai, ban da tabo."

Na matso. Na fara daga muƙamuƙin dama ina nunawa da yatsa ba tare da na taɓa ba. Ɗaya, biyu. Uku a gefen baki. Huɗu da biyar a haɓa. Shida kusa da kunne. Na ce, "Shida."

Ta ce, "Bakwai ne. Har yanzu kana ragewa."

Na sake bi daga farko, a hankali, ban ga na bakwai ba. Ta zuba mini ido, ba ta taimake ni ba. Sai na durƙusa a gaban kujerar, gwiwa biyu a ƙasa, na leƙa daga ƙasa. Ga shi can ƙarƙashin haɓa, ƙarami, sabo, inda ba kyamarar da za ta taɓa kamawa.

Na ce, "Bakwai."

Ta dube ni ina durƙushe. Idonta ya ciko, amma leɓen nan mai son dariya ya ƙi bin umarni.

Ta ce, "To tashi ka ɗauka, Baba, za a rufe mini."

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

An karɓi fom. Shida sun fito a hoton. Na bakwai ni da ita muka san da shi.